Kurnar Inna da Baƙin da Iska Ta Kawo

Ranar da na gaya wa Baba cewa aikin da zai kai ni Sifaniya kamun malam-buɗe-littafi ne, shiru ya yi yana kallona. Can ya nisa ya ce, "To, Allah ya sa a dace. Amma in mutane sun tambaye ni, me zan ce musu?" Na ce ya ce musu bincike na tafi. Ya ce, "Binciken abin da yara ke bi da tsumagiya a bayan gida?" Inna ba ta tanka ba. Ita dai ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da yaji da busasshiyar kurna a leda, ta cusa can ƙasan jaka. Ku riƙe zancen kurnar nan, za mu dawo kanta.

Horo ne na wata huɗu na samu a wani ɗakin bincike, bayan na gama digiri na biyu a fannin ƙwari. Tambayar da mutanen wurin ke fama da ita ba ta da wuyar faɗa: in aka wayi gari aka ga malam-buɗe-littafi ya cika tsibiri, alhali jiya babu ko ɗaya, daga ina ya fito? Tsuntsu ana sa masa zobe a ƙafa, ko a goya masa 'yar na'ura a bi shi da tauraron ɗan'adam. Wannan kuwa nauyinsa bai kai giram 1 ba, kwanakinsa a duniya kuma 'yan makonni ne. Ko ka manna masa takarda a fiffike, wa zai tsinto maka shi cikin miliyoyi? Ba yadda za a yi sai dai a kama shi a tambayi jikinsa.

Nau'in da muke bi, masana na kiransa Vanessa cardui. Kun san shi ko da ba ku taɓa tsayawa kun dube shi ba. Ruwan goro ne da baƙi, da ɗigo-ɗigon fari a bakin fiffiken gaba, in ya naɗe fuka-fukansa kuma sai ya saje da ƙasa. Ba ya jure sanyin Turai, ba ya kuma samun wuri ya lafe har sanyi ya wuce kamar wasu danginsa. Ciyawa yake bi. Inda ta yi kore ya sauka ya zuba ƙwai, in ta bushe 'ya'yansa su yi gaba. Turawa sun daɗe suna zaton waɗanda ke zuwa musu da bazara mutuwa suke yi in sanyi ya shigo, domin ba wanda ya taɓa ganin komawarsu. Sai a 2009, shekarar da suka yi wa Birtaniya tsinke, na'urar rada ta nuna ashe komawa suke yi, sai dai can sama suke bi, fiye da mita 500, inda ido ba ya kaiwa. An ƙiyasta miliyan 11 suka shiga ƙasar a shekarar, miliyan 26 suka fita da kaka. A kakar 2014 kuma wasu masana biyu daga Basalona, Gerard Talavera da Roger Vila, suka zagaya Chadi da Benin da Senegal da Habasha, suka tarar da su jingim suna hayayyafa a kudancin Sahara. Zuwa da dawowa, zagayen ya kai kilomita 12,000 zuwa 14,000. Ci-rani ne sosai, sai dai wanda ya tafi ba shi ke dawowa ba. Jikansa ne ke dawowa, ko tattaɓa-kunnensa.

A watan Fabrairu muka sauka Fuerteventura, ɗaya daga tsibiran Kanari, mu huɗu: shugabarmu da muke kira Dakta, ɗalibai biyu 'yan ƙasar, sai ni. Sai da na yi kwana uku kafin bakina ya iya sunan tsibirin. Ƙasar Sifaniya ce a takarda, amma tsakaninta da gaɓar Maroko kilomita 100 ne ko kusa da haka, kuma duk wanda ya san arewacin Damagaram zai ji kamar ya zo gida: tsakuwa, tuddai tsirara, iska ba dare ba rana, awaki ko'ina. Har tumfafiya na gani a bakin wani busasshen rafi, na tsaya ina mata murmushi kamar na ga ɗan garinmu a tasha. Dakta ta ce in lura da kyau, wannan darasi ne na farko. Tsiron da ke Afirka kuma yake nan tsibirin ba zai yi mana shaida ba, domin in mun same shi a jikin malam-buɗe-littafi ba mu san a wane gefen teku ya taɓa shi ba.

Amfanin tsibiri a wannan aiki ke nan. A babban yanki ba ka iya bambance baƙo da ɗan gida, kowa ya cakuɗe. A tsibiri teku ce katanga. Wanda ya bayyana dare ɗaya, ruwa ya tsallako.

Mako na farko banza muka sha rana. Muna da takardar izinin kamu daga hukumar tsibirin, muna da raga, muna da komai, babu abin kamawa. Kullum da safe mu bi hanya ɗaya da ƙafa muna ƙirga abin da muka gani, mu duba ganyen wata ciyawa dangin rama da kuɓewa da tsutsarsa ke ci, ko za mu ga ƙwai ko saƙar da tsutsar ke yi ta ɓuya. Ɗaya, biyu, wata rana babu. Na fara tunanin maganar Baba. Amma wannan ƙirgar ta "babu" ita ce ginshiƙin aikin, don in ba ka rubuta cewa jiya babu ba, da wane baki za ka ce na yau baƙi ne?

Ran na tara iska ta juya. Da ma daga arewa maso gabas take busowa da sanyin teku, sai ta koma daga wajen Afirka, da ɗumi, da ƙura. Sama ta yi jawur, rana ta koma kamar faifai, tuddan da muke gani kullum suka ɓace. Abokan aikina suka rufe hanci suna cewa kalima ta zo. Ni dariya ta kama ni, don hazon hunturu ne sak, har da ɗacin nan na maƙogwaro da tsagewar leɓe. Su abin tsoro ne a wurinsu, kuma da gaskiyarsu, domin a Fabrairun 2020 irin wannan ƙura ta sa an rufe filayen jirgin saman tsibiran. Tamu kwana biyu ta yi. Da ta lafa muka gangara gaɓar gabas da sassafe, sai ga su. Ba irin taron da ke rufe rana ba ne, kar in yi muku ƙari, amma duk ɗan kurmin da ke da fure sai ka ga uku ko huɗu a kai, sun kafa baki suna sha kamar masu buɗa-baki. Ka matso har ka kusa taɓa su ba su tashi ba.

A wannan gaɓar ce kuma, kusa da wata tashar jiragen ruwa, na ga kwale-kwalen roba da aka ja gefe, iskarsa ta sace, da takalmi ƙafa ɗaya a ciki. Ba sai an gaya mini ko su wa ya ɗauko ba. Tun daga ranar bakina ya yi nauyi da wasan da nake yi na kiran ƙwarin nan 'yan ci-rani.

Kamun kansa yana da ƙa'ida kamar alwala, in ka tsallake ɗaya sai ka sake. Ka sa safar hannu sabuwa. Ka kai raga daga gefe, ba daga sama ba, ka murɗa bakinta. Ka kama shi ta ƙirji da ɗan hantsaki, ka matse sau ɗaya ya mutu nan take, kar ya yi ta fafutuka yana kakkaɓe abin da ka zo nema. Wannan matsewar ba ta taɓa yi mini daɗi ba, har na gama. Ka zura shi a 'yar ambulan ta takarda mai santsi, shi kaɗai, ka rubuta lamba da rana da sa'a da wurin da na'ura ta nuna. Ka duba fiffiken ka ba shi maki: sabo ne fil, ko ya koɗe, ko ya yayyage. Ka goge hantsakin, ka canza safa. Kowace rana kuma akwai ambulan ɗaya da za ka buɗe a fili, ka riƙe ta kamar za ka sa wani abu, ka rufe ta wayam, ka ba ta lamba kamar sauran. Na tambayi Dakta amfanin wannan wahala. Ta ce, "Ita ce mai gadinmu. In ta yi magana, kowa ya yi shiru." Da yamma duk a zuba a firiza.

Kwana shida muka yi muna kamu, muka tara kusan 60. A rana ta uku da ta huɗu ni aka bar wa jakar ambulan. Burodi da cukun akuya sun ishe ni, kewar gida ta taso, sai na tuna da ƙullin Inna. Na zuba kurna a aljihun jakar, ina tafe ina tsotsa ina tofar da ƙwallo. Wanda ya san busasshiyar kurna ya san yadda take garin nan mai laushi da ke manne wa yatsa da gaban riga. Safa nake sawa in zan taɓa malam-buɗe-littafi, wannan ban yi sakaci ba. Amma ambulan da hannuna nake zaro ta, daga jakar da kurna ke kwance.

Da muka koma ɗakin bincike, da garin fure aka fara. Duk furen da malam-buɗe-littafi ya sauka a kai yana barin masa ɗan gari a baki da ƙafafu da gashin ƙirji, kuma wani yana nan manne har kwanaki. A da sai dai a ɗora a madubin ƙara girma a yi ta kwatanta siffa, wanda sau da yawa iyakarsa ya gaya maka dangin tsiron. Yanzu DNA ake karantawa, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai. A wani ɗaki ake yi da ba a shiga sai da riga da hula da takunkumi, ba a buɗe taga, ba a shigo da ko ganyen shayi. Mu cire fuka-fukan mu ajiye gefe, mu wanko garin daga jikin, mu farfasa shi, mu tsamo DNA ɗin, mu ninka wani ɗan yanki nasa da ake kira ITS2 sau miliyoyi, don a wannan yankin kowane tsiro da irin rubutunsa. Daga nan a aika wa injin da ke karantawa. In sakamako ya dawo, kwamfuta ta ɗauki kowane rubutu ta je rumbun da masana suka tara rubutun tsirran da aka sani, ta nemo mai kama da shi. An gwada wannan dabara a kan guda 47 da aka kama a gaɓar Sifaniya ta Bahar Rum, aka sami tsirrai iri 157 a jikinsu, da yawa na Afirka.

Mako uku muka jira. Ranar da jerin sunayen ya fito muna tsaye bayan Dakta, tana gangarawa a hankali. Galibi tsirran tsibirin ne, waɗanda suka sha bayan sun sauka. Sai ta tsaya cak. Ziziphus spina-christi. Ta gangara, ga shi kuma. Har a jiki tara. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya buga tebur ya yi ihu.

Dole in gaya muku dalilin ihun. A watan Oktoban 2013 Talavera yana bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, ya ga irin wannan malam-buɗe-littafi wajen guda goma a kan rairayi, fuka-fukai duk sun yage, a nahiyar da ba a san shi da zama ba. Ya kama uku. Shekara goma ana bin zancen kafin a buga sakamakon a mujallar Nature Communications a 2024, da haɗin gwiwar masana daga Basalona da Poland da jami'ar Ottawa ta Kanada da Harvard. Suka nuna ƙwarin sun tsallake Tekun Atlantika daga Afirka ta Yamma, aƙalla kilomita 4,200, cikin kwana 5 zuwa 8 ba sauka. Da ƙarfin kansu kaɗai ba za su wuce kilomita 780 ba kitsen jikinsu zai ƙare, iskar da ke kwasar ƙurar Sahara ce ta goya su. Babbar shaidar da ta ɗaure zancen kuwa garin furen wasu tsirrai biyu ne na Sahel masu fure a ƙarshen damina: Guiera senegalensis da Ziziphus spina-christi. Na karanta wannan takarda ya fi sau biyar kafin in bar gida. Na haddace sunayen. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in nemi hotonsu ba, don ni mutumin ƙwari ne, kuma haka aka koyar da mu, mu haddace Latin mu zuba a jarrabawa.

Muna cikin murna Dakta ta ce a dakata, ta gangara can ƙasa inda ambulan wayam suke. Ta ranar farko shiru. Ta biyu shiru. Ta uku, Ziziphus spina-christi, fal. Ta huɗu ma haka. Ta koma kan guda taran nan, duk kamun rana ta uku da ta huɗu ne. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo ta ce, "Wa ya riƙe jaka a ranakun nan?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ka ci wani abu? Ka shafa wani mai? Zuma?" Na ce 'ya'yan itace kawai na ci, na gida. Ta buga sunan a kwamfuta ta juyo mini da hoton.

Kurna. Da ƙayarta, da ganyenta, da 'ya'yanta. Irin wadda ke ƙofar gidan kakana. Na ce ta buga ɗaya sunan. Sabara ce. Sabarar da muke sassabewa kowace shekara a sharar gona ta sake tohowa, wadda ake jiƙa wa mai ciwon ciki. Ashe shaidun da suka tabbatar wa duniya malam-buɗe-littafi ya ƙetare Atlantika, sabara ce da kurna. Kunya da mamaki suka haɗu mini lokaci ɗaya, na rasa wanda zan fara ji. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Garin furen kwana biyu cur aka zubar, kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarmu, kuma ba a sake wanke jikin da aka riga aka wanke. Dakta ta sa ni na rubuta abin da ya faru da hannuna a littafin ɗakin, da kwanan wata. Sannan ta ce in kawo sauran kurnar. Na zaci zubarwa za ta yi. Ashe so take a karanta DNA ɗinta a adana, don duk ranar da sunan ya sake fitowa a san da me za a gwada. Ta ɗanɗana ɗaya a waje, ta yamutsa fuska, ta ce ba laifi.

Abin da ya cece ni fuka-fukan ne, domin su kurna ba ta taɓa shaidarsu ba. Garin fure yana faɗin inda malam-buɗe-littafi ya bi. Fiffike yana faɗin inda aka haife shi. Tun yana cikin kwanso ake gina fiffiken da abin da ya ci yana tsutsa, in ya fito kuma an rufe littafin, ba a ƙara ko wasali. Abu biyu ake nema a ciki. Na farko haidurojin, wani sinadari da ke cikin ruwa. Ruwan sama ba ɗaya ba ne a duniya: akwai haidurojin mai nauyi da marar nauyi, kuma yawan mai nauyin yana raguwa in kana yin arewa, ko kana nisa da teku, ko kana hawa tudu, yana ƙaruwa a ƙasashe masu zafi inda rana ke ƙafar da ruwa. Ciyawa ta sha ruwan, tsutsa ta ci ciyawar, alamar ta zauna a fiffike. Na biyu sitirontiyam, wani sinadarin, shi kuma daga dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa yake, kowane irin dutse da nasa awon. Sabon dutsen aman wuta irin na Kanari awonsa wajen 0.703 ne, ruwan teku 0.709, tsofaffin duwatsu irin su Kufena da Kwatarkwashi kuwa sama da haka suke kaiwa. Ɗaya ya ba ka arewa da kudu, ɗaya ya ba ka irin ƙasar, in ka ɗora su a kan juna sai wurin ya tsuke.

A nan na fi daɗewa, kuma a nan na san haƙuri sana'a ce. A wanke fiffike sau uku a wani ruwan magani mai kaifin wari, a cikin akwatin da ke zuƙe iska, don a cire maiƙo da ƙura. A bar shi ya bushe. A yanko ɗan ƙyas daga wuri ɗaya a kowane fiffike, abin da bai kai rabin miligiram ba, a auna a sikelin da ko numfashi ka yi kusa da shi sai lambar ta motsa. A sa a wani ɗan kofin azurfa da bai kai ƙwayar gero biyu ba, a naɗe da hantsaki biyu har ya zama ɗan dunƙule. In ka matse da ƙarfi ya yi tsalle, shi ke nan, sai ka rarrafa ƙarƙashin tebur. Ranar farko guda bakwai na naɗe, uku suka tsere. Bayan mako biyu ina yin talatin kafin azahar. Injin da ke ƙona su ya auna ba mu da shi, wani ɗakin gwaji aka aika wa a wata ƙasa, tare da sauran fiffiken da za a narkar a ruwan asid don sitirontiyam.

Kafin su dawo na zauna kan iska, wadda ita ce mafi sauƙi. Hukumar NOAA ta Amurka tana da wata manhaja, HYSPLIT, kyauta a intanet. Ka ba ta wuri da sa'a da tsayi, ta ja maka zare baya ta nuna inda iskar ta fito. Na gwada mita 500, na gwada 1,000, na gwada 1,500. Zaren ranakun kalima duk cikin Sahara suka nufa, wasu suka lanƙwasa kudu. Amma iska hanya kawai take nunawa, ba ta ce ga wanda ya bi ta ba, ba ta kuma ce ga inda ya hau ba.

Sakamakon fiffike ya iso saura mako biyu in tafi. Ni a raina na ɗauka taswira za ta fito da ɗigo ɗaya, a ce ga garin. Abin da ya fito shafe-shafen launi ne, inda ya fi duhu nan ya fi yiwuwa. 'Yan kaɗan awonsu ya dace da tsibirin, kuma su ne masu sabon fiffike, wato 'yan gida ne da suka shiga cikin baƙi. Mafi yawa daga babban yankin suke, amma launin ya bazu ya rufe ƙasa mai faɗin gaske. Akwai guda ɗaya, mai lamba 23, kamun rana ta biyu, kafin kurna ta shigo zance. Fiffikensa ya koɗe, haidurojinsa ya fi na kowa nauyi, launin taswirarsa ya zauna can kudu, ɗamara guda doguwa a gindin Sahara. A garin furensa kuma akwai wani rubutu da ba na tsibirin ba. Na ƙagu in ji sunan. Kwamfuta ta kawo sunan dangi, ta tsaya. Babu mai kama da shi sosai a rumbun.

Na tambayi Dakta me za mu rubuta. Ta ce za mu rubuta ba a tsibirin aka haife shi ba, kuma ya fi yiwuwa daga kudu ya fito. Na ce shi ke nan? Bayan wata huɗu? Ta ce shi ke nan abin da muka sani.

Na ji haushi a ranar, amma da na zauna na duba, ba injin ne ya gaza ba. Taswirar haidurojin an gina ta ne a kan ruwan sama da tashoshi ke tarawa wata-wata, a ƙarƙashin wani shiri da hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana ta fara tun farkon shekarun 1960. Ka dubi Turai a taswirar tashoshin, kamar an watsa gero. Ka dubo wajenmu, sai ka yi tafiyar ƙasa guda ba ka ga ɗigo ba. Ta sitirontiyam ma haka, ga kuma ƙurar da iska ke kwasa daga irin su kwarin Bodele na Chadi tana zubawa a ƙasar wasu, tana dagula awon. Rumbun DNA ɗin tsirrai shi ma ciyawar bakin titin Jamus tana ciki sau da yawa, ta bayan gidanmu ko sau ɗaya wata ba ta shiga ba. Ko dangin kurna kansu sai an yi hattara, don akwai magarya, akwai kuma wata 'yar'uwarsu da ke fitowa a Maroko da kudancin Sifaniya, in rumbu bai cika ba sai kwamfuta ta ba wa wannan sunan waccan. Mai lamba 23 ya kawo wasiƙarsa cikakkiya. Mu ne ba mu da mai karanta ta.

Shi ya sa da na dawo, da damina ta ja baya, na sayi tsofaffin jaridu da katako biyu da igiya, na nemo garin nan mai shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, na shiga daji. Kowane tsiro mai fure in yanki reshe in danne a jarida, in tsinki ganye biyu in sa a leda da garin, in ɗauki hoto, in rubuta wuri. Takardun izinin fitar da su waje har yanzu ina bin su ofis-ofis, wannan wani labarin ne. Rana ta biyu Baba ya ce zai raka ni, wai kar in ɓata a gonar da aka haife ni. Kafin la'asar ya ba ni sunan tsiro ya fi arba'in, da wanda akuya ke ci, da wanda ke kashe ta, da wanda ke fure kafin girbin gero da wanda sai bayansa. Na buɗe sabon shafi a littafina na sunayen Hausa, na sa shi gaban na Latin.

A gefen gonar, inda sabara ta yi duhu, furenta ya fito ƙulu-ƙulu ruwan ɗorawa. Muna tsaye sai ga ɗaya ya sauka, ruwan goro da baƙi, gefen fiffikensa ya ɗan yage. Na ce, "Baba, ka ga wannan? Ba mamaki daga Faransa yake." Ya sunkuya ya dube shi da kyau, ya daɗe, sannan ya ce, "Da wannan 'yar rigar?" Ban zo da raga ba ranar. Muka tsaya har ya gama sha ya tashi, ya yi kudu.

Da daddare ina tsakar gida ina canza wa ganyayen jarida, safa a hannu, sai ga Inna da faifai. Ta ce, "Ga kurna an kawo daga gidan kakanka, sabuwa ce." Na ɗaga hannu biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, na ce, "Inna, don Allah tsaya daga nan. Ajiye mini a ɗaki, ki rufe, sai na gama."